Sai Mai Ya Koma Tukunya

Litinin, da hantsi

Tun ranar da na ajiye aiki kamfanin nan yake riƙe da na'urata, kuma har yau babu wanda ya ji kunya.

Bari in faro daga tushe, don kada wata rana a ce ban faɗa ba. A kamfaninmu, duk wanda ya tsufa a bakin aiki, ranar sallama ana tara mutane a ɗakin cin abinci, manaja ya yi 'yar magana, a tafa, a ba shi na'urar sanyaya ɗaki sabuwa fil a kwalinta. An ba mai walda. An ba mai fenti, wanda rabin rayuwarsa a bayan sito ya yi ta yana barci. Har mai dafa wa ofis shayi an ba. Da layi ya zo kaina sai aka ce kamfani ya canza hannu, sababbin masu shi suna duba tsari, in ɗan jira. Suka miƙo mini laima mai tambarin kamfani. Laima! Ina jira har gashin girata ya yi fari.

Ni ne Baba Kibiya na sashen lodi. A tambayi kowa a ƙofar baya. Firji, na'urar sanyaya ɗaki, injin ɗumama gida na ƙasashen da ruwa ke daskarewa a famfo, manyan injinan ɗakin ajiyar kifi da magani, babu wanda ya hau mota bai bi ta gabana ba. Aikina in tabbatar jar kibiyar da ke jikin kwali tana kallon sama. Na sanyaya otal, na sanyaya banki, na sanyaya mutanen da ko sunana ba su sani ba. Ɗakina kuwa fanka ce guda, tana juyi tana kuka kamar an taka mata wutsiya.

Littafin nan Auta ce, 'yarmu ta ƙarshe, ta saya don a riƙa rubuta lokacin maganin uwarta. Na bar mata shafukan gaba. Na baya nawa ne. Ban yi makaranta ba, a jikin kwali na koyi baƙi, shi ya sa rubutuna manya-manya. Wanda ya kasa karantawa ya bari.

Talata, bayan azahar

An dawo da matata gida. Har yau Yarinya nake ce mata, duk da haƙoranta sun fi nawa zubewa.

Likita ya ce zamanta a wurinsu ba shi da sauran amfani, gida ya fi mata. Na ce wannan ai alama ce mai kyau. Auta ta fita tsakar gida ta daɗe tana wanke kofi ɗaya.

Ya ce kuma a riƙa sanyaya mata ɗaki, zafi yana matse mata numfashi. Na ce masa, likita, ka san da wa kake magana kuwa? Bai sani ba. Ya ci gaba da rubutunsa.

Laraba, da safe

Zafi ya fara tun kafin rana ta gama fitowa. Bango ma ɗumi yake kamar bayan mutum.

Mijin Auta ya zo. Mai haɗa wayar wuta ne, yaron kirki, sai dai yana ganin duk abin da ke cikin wayarsa gaskiya ne. Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya ce akwai wani shago a bakin babban titi, suna da na'ura, yau-yau zai iya saka wa Inna.

Na ce ta wane kamfani?

Ya faɗi sunan mutanen can, waɗanda muka shekara muna gasa da su.

Na ce, "Gwangwanin nan? Na taɓa buɗe cikin tasu. Bututunta kamar tsinken tsintsiya. A gidana? Ai sai 'yan lodi su yi ta yi mini dariya har kabari."

Auta ta ce, "Baba, 'yan lodin naka rabinsu suna kabarin tuntuni."

"Sauran rabin fa?"

"To, ta kamfaninku. Suna sayarwa a shagonsu."

"In sayi abina da yake ajiye a sito? Tawa tana nan. Gobe zan je in karɓo ta."

Daga kan gado Yarinya ta ce, da 'yar muryar da ta rage mata, "Ku ƙyale shi. Tun kina goye yake zuwa karɓo abubuwa gobe."

Suka yi dariya. Ni ban ga abin dariya ba.

Alhamis, da yamma

Na je.

Maigadin ƙofa sabo ne, ya tambaye ni wurin wa na zo. Ni! Na ce masa na riga ƙofar nan zuwa wurin nan. Sai da ya buga waya kafin ya bar ni.

Warin wurin bai canza ba, kwali da tagulla mai zafi da man inji. Ina shaƙa sai na ji gwiwata ta daina ciwo. An faɗaɗa ginin. Layin firji yana tafiya shi kaɗai, farare jere, ƙofofinsu a buɗe, kamar masu hamma. Mutane kaɗan ne a ciki, sai hannayen ƙarfe suna sunkuyawa suna miƙewa. Na tsaya ina kallo har na manta abin da ya kawo ni.

Matar ofis mai kula da tsofaffin ma'aikata ta ba ni kujera da ruwan sanyi. Ta ce, "Baba, maganarka an tura ta sama."

Na ce, "'Yata, saman nan wa ke zaune a cikinsa? Tun ina da baƙin gashi ake tura ni can, ban taɓa ganin wanda ya sauko ba."

Ta yi murmushi. Na ce mata matata ba ta da lafiya. Ta daina murmushin, ta ce za ta sake turawa.

Da zan fita na bi ta wurin lodi. Na tarar da wani ya jingina kwali a karkace, kibiya tana kallon katanga. Na daka masa tsawa, ya miƙar da shi kafin ma ya waiwaya ya ga wane ne. Muryar tana nan.

Ga dalilin kibiyar, don wanda bai sani ba. A cikin kowace na'ura akwai baƙar tukunya, kwampireso, ita ce zuciyarta, kuma a cikin mai take aiki. In aka kwantar da na'ura, man sai ya gangara cikin bututu. Ka kunna ta a haka, tukunya ta yi aiki a bushe, ta ƙone. Maganinsa ɗaya ne, a tsayar da ita yini da kwana, kada a taɓa ta, sai mai ya koma tukunya. Shugaban lodinmu na farko, Mai Sanƙo, da dundu ya koya mini wannan. Ni kuma na koya wa duk wanda ya biyo bayana. Ba dundu, amma sun ji a jikinsu.

Asabar, da rana tsaka

Ba a aiko ba.

Lahadi, bayan la'asar

Ta yi barci kaɗan, ni ma na gyangyaɗa a kujera. Sai ga ni a ɗakin gwaji.

A masana'anta akwai wani ɗaki mai ƙofa kamar ta banki, inda ake gwada injinan ɗumama gida. A ciki ake ƙera hunturun ƙasashen da ba mu taɓa zuwa ba. Wata shekara kamfani ya buɗe ƙofa ga iyalan ma'aikata, na kai ta. Lokacin tana da cikin Auta. Aka ba ta wata ƙatuwar rigar sanyi har ƙasa, hannunta ya ɓace a ciki. Muka shiga. Komai fari, bango fari, bututu sun yi gemu. Ta buɗe baki za ta yi magana sai hayaƙi ya fito. Ta tsorata, ta rufe bakin da hannu, sannan ta fashe da dariya, dariyar ma hayaƙi. Ta yi ta cewa "haa, haa" tana bin hayaƙin da ido kamar ƙaramar yarinya. Farin abu ya sauka a gashin idonta. Sai da mai kula da ɗakin ya roƙe ta ta fito.

A hanyar gida ta ce, "Ashe a nan kake wuni ka bar mu muna dahuwa." Na ce ni a bakin mota nake wuni, cikin rana. Ba ta yarda ba. Har yau ba ta yarda ba.

Na farka rigata ta jiƙe. Tana kallona. Ta ce, "Kana ta cewa haa, haa. Lafiya?"

Talata, da hantsi

Muna jiƙa zane muna rataya a taga. Auta tana zuba ƙanƙara a kwano ta ajiye gaban fanka. Kafin ka juya ta zama ruwa.

Yarinya ta ce a jawo ƙaramin firjinmu kusa da gado a buɗe ƙofarsa. Na yi mata bayani cewa firji ba ya ƙera sanyi, zafi yake kwashewa daga ciki ya zubar ta baya. In ka buɗe ƙofarsa ɗakin ƙara zafi zai yi.

Ta rufe ido ta ce, "Tsoho, kai ko aljanna aka kai ka sai ka zagaya baya ka duba kibiya."

Na jawo firjin. Na buɗe. Ta sa tafin ƙafarta a bakinsa, hasken ciki ya haska mata yatsu. Ɗakin ya ƙara zafi kamar yadda na faɗa. Na bar shi a buɗe.

Laraba, da safe

Numfashinta yana da wata 'yar ƙara yanzu, kamar ana jan kwali a kan siminti. Zafi ne. In ɗakin ya yi sanyi za ta daina.

Laraba, da yamma

Na sake komawa. Matar ofis ba ta nan, tana taro. Na zauna a benci har aka tashi. Kwalaye suna wuce ni a kan motar ɗaga kaya, ɗaya bayan ɗaya, duk kibiyoyinsu suna nuna sama. Na ɗaga kai na bi inda suke nunawa. Rufin kwano ne da tattabaru.

Juma'a, bayan azahar

Dogo ya zo dubiya. Tsohon direban kamfani ne, mun yi shekaru muna faɗa a bakin mota. Shi an ba shi tasa na'urar, ya sayar a makon.

Ya leƙa ɗaki ya gaishe ta, ya fito fuskarsa ta canza. Muka zauna a inuwar zaure.

Ya ce, "Kibiya, ka bar yaran nan su sayo mata mana."

"Kai ma an aiko ka?"

"Babu wanda ya aiko ni. Ido gare ni."

"Idon da kake kwantar da firji da shi in na juya baya?"

"Wallahi firjin da na kwantar sun fi gashin kanka yawa, ko ɗaya bai dawo ba."

"Waɗanda suka ƙone ba a gidanka suka ƙone ba."

Ya girgiza kai. Da zai tafi na ga Auta ta raka shi har bakin mota, sun daɗe suna magana ƙasa-ƙasa. Gulmata suke yi. Su yi.

Lahadi, da rana

Ba ta ci komai ba. Ta sha ruwa cokali-cokali.

Litinin, bayan la'asar

Yau ta kira ni da sunan ƙaninta da ya daɗe da rasuwa. Daga baya ta gane ni, ta ce in buɗe taga hadari ya haɗo. Na buɗe. Sama fari fat, ko tsuntsu babu. Na ce mata e, ga shi can gabas, baƙi ƙirin. Ta ce tana jin ƙanshinsa.

Na tsaya a tagar. Da na daɗe ina kallo sai na ga kamar da gaske akwai shi.

Laraba, da hantsi

Mijin Auta ya zo da guduma da katako, ya cire rabin tagar ɗakin ya kafa mazauni. Na ce wa ya sa ka? Ya ce, "Baba, ai gara a shirya, ko kamfani zai aiko." Na duba aikin. Ya ɗan karkatar da shi waje don ruwa ya zuba a baya. Daidai ne. Ban gaya masa ba.

Alhamis, da yamma

Ta zo!

Na'urata ta zo. Bari in rubuta a hankali.

Ana la'asar na ji hon a ƙofa. Auta ta shigo da gudu ta ce, "Baba, kamfani sun tuna da kai." Na fita ko takalmi babu. Ba manaja, ba tafi, Dogo ne da 'yar motarsa. Na ce ba komai, saman ya sauko ko da a motar Dogo ne. Na hango tambarinmu a jikin kwali, idona ya cika. Na matsa.

A kwance take. A kujerar baya, a kan gefenta, kibiya tana kallon ƙofar mota.

Na ce, "Dogo."

Ya ce, "Ba ta shiga a tsaye, Kibiya. Na gwada."

"Har a tawa? Har a tawa sai da ka yi halinka?"

Aka shigo da ita, mijin Auta ya ɗora ta a mazauninta ya ɗaure. Fara sol, ledar ma ba a ɓare ba. Ya ɗauki fulogi zai nufi soket, na riƙe hannunsa.

Na ce, "Gobe war haka."

Ya ce, "Baba, na zamani ba sa buƙatar haka. A ɗan jira zuwa magariba ya isa. Tafiyar ma ba nisa."

"A wayarka ka gani?"

"Baba, ina saka irin su kullum."

"Kana sakawa ka tafi. Ni nake karɓar waɗanda aka dawo da su, tukunya baƙa ƙirin tana wari."

Auta ta durƙusa a gabana. Tun tana ƙarama rabon da ta yi haka. Ta ce, "Baba, don Allah. Dubi Inna. In ta ƙone ta ƙone."

In ta ƙone ta ƙone! Sannan fa? Zafin nan da sauransa, ko rabi bai yi ba. In ta ƙone yau, da me uwar taku za ta ƙarasa watannin da ke gaba? In sake komawa benci? Kwana ɗaya a ba ta, ta yi mata aiki shekara da shekaru. Haka na gaya musu. Babu wanda ya dube ni. Dogo ya fita ba sallama.

Yarinya ce ta raba mu. Ta ɗaga yatsa, muka yi shiru, don yanzu sai an yi shiru ake jin ta. Ta ce, "Ku ƙyale shi. Na jira mutumin nan tun ina da kitso har baya. Kwana ɗaya ne zai gagare ni?"

Na naɗe wayar na ɗaure da igiya. Na ja kujerata gindin soket na zauna. Na san halin yaran zamani.

Juma'a, da safe

Ta tashi da sauƙi. Idonta ya washe, har ta sha shayi rabin kofi. Na ce wa Auta, kin gani? Ganin na'urar kaɗai ya fara aiki.

Ta kwanta tana kallon ta a taga. Rana ta bugi ledar, haske yana rawa a silin kamar ruwa a bokiti.

Ta ce, "Tsoho, gaya mini yadda za ta yi."

Na ce da fari za ki ji ɗan ƙas, kamar an taɓa ƙofa. Sai fanka ta tashi. Iskar farko ba sanyi, kada ki ce an cuce mu. Sai ki ji tukunya ta kama, wani gurnani can ƙasa kamar kyanwa a cinya. Daga nan zai fara saukowa. Sanyi nauyi gare shi, ƙasa yake bi. Zai zubo ta bango, ya malala a siminti, ya cika ƙarƙashin gado, ya hau, ya hau, ya taɓa miki ƙafa tukuna, sannan gwiwa.

Ta ce, "Hayaƙi zai fito a bakina?"

Na ce wannan sai ɗakin gwaji.

Ta ce, "Ƙaramin kamfani."

Juma'a, da azahar

Saura kaɗan. Inuwar katanga ta fara dawowa. Zafin yau ya fi na kullum, kwanon rufi sai ƙara yake. Auta ta je kantin magani. Ina jin man yana komawa, wallahi ina jin sa, ɗigo-ɗigo.

Ta ce in ciro mata bargon nan mai ratsin shuɗi daga akwatin ɗaya ɗakin, kada sanyin kamfaninmu ya kama ta ba shiri. Yana can ƙasan kaya, sai na sauke komai. Bari in je.

Juma'a

Na ɗauko bargon.

Asabar, da rana

Takalman masu ta'aziyya sun cika ƙofar gida. Ban san muna da mutane haka ba.

Lahadi, bayan azahar

Mata sun cika ɗakin suna fifita da gefen mayafi. Wata daga dangin mijin Auta ta ce, "Ga na'urar sanyi sabuwa, a kunna mana mana." Wayar tana nan a ɗaure yadda na bar ta.

Kowa ya zo sai ya ce in yi haƙuri. Me na ce? Na yi magana ne?

Talata, da safe

Auta tana kawo mini abinci ta ajiye ta fita. Yau na ce mata gishiri ya yi yawa, don dai ta ce wani abu. Ta tsaya a bakin ƙofa, bayanta gare ni. Ta faɗi wata magana a kan inda na'urar ta fito, da kuɗinta, da 'yan kunnenta na zinare da ban ƙara gani a kunnenta ba. Ban ji sosai ba. Kunnena ya yi nauyi kwanan nan.

Tambarinmu ne a jikin kwalin. Wannan dai na gani da idona.

Alhamis, bayan la'asar

Mutane sun ragu. Auta ta koma gidanta ɗebo kaya. Na shiga ɗakin na rufe ƙofa, na kwance igiyar.

Ƙas. Sai fanka. Sai tukunya ta kama, lafiya lau, ko tari ba ta yi ba. Aikinmu ne.

Ya sauko kamar yadda na faɗa. Ta bango, ta siminti. Na zauna a bakin gado ta wajen ƙafa, na ji ya taɓa mini idon sawu. Labule ya ɗan motsa. Ɗakin ya yi tsit, irin tsit ɗin da ban taɓa ji a gidan nan ba, babu kukan fanka, babu jan kwali a siminti. Na ga kamar bango yana yin fari, ƙafar gado tana yin gemu. Na ce, to, ga shi nan, ya kai gwiwa. Na faɗa da ƙarfi. Na sake faɗa.

Na daɗe a ciki. Da na fito tsakar gida zafi ya rungume ni kamar ya yi kewata.

Asabar, da hantsi

Mijin Auta ya zo ya zauna kusa da ni. Ya yi ta murza hularsa. Ya ce, "Baba, na yi magana da likita. Ya ce ko da an kunna, lokaci ne ya yi. Ba abin da zai canza."

Na ce wa ya tambayi likita? Likita ya san tukunya? Na san lokaci na Allah ne, ba yau aka haife ni ba. Ba kwana nake cewa na'ura za ta ƙara mata ba. Yini ɗaya nake magana. Daren Alhamis da safiyar Juma'a, a cikin sanyi ko a cikin zafi. Wannan ba aikin likita ba ne, aikinmu ne.

Ya ce, "Haka ne, Baba."

Ba "haka ne" nake so ba.

Litinin, da yamma

Na je masana'anta. Matar ofis ta taso da ganina, ta ce ta ji, ta yi mini gaisuwa, ta ce maganar na'urata kuma ta kusa. Na ce ba ita ta kawo ni ba. A kira mini injiniya, wanda ya san cikin tukunya.

Aka kira wani mai farar riga da gilashi. Yana da ladabi, ya ce mini Baba. Na ce, na'urar taga, ƙarama, sabuwa, ta yi 'yar tafiya a kwance a bayan mota. An tsayar da ita da la'asar. In an kunna da magariba, za ta ƙone?

Ya ce, "Ya danganta."

"Da me?"

Da irin tukunyar, da gefen da ta kwanta, da zafin ranar, da irin man. Ya ce galibi ba komai. Ya ce amma wani lokaci akan samu matsala. Ya ce yini da kwana shi ne abin da ake gaya wa mutane don a kauce wa shakka.

Na ce, "Don a kauce wa shakka."

Ya ce, "E, Baba. Ta lalace ne? In tana da garanti a kawo ta."

Na ce lafiyarta ƙalau.

Ya ce, "To ai shi ke nan," ya duba agogonsa.

Talata, da rana

Na bi ta gidan Dogo. Ya ce in shigo in sha ruwa. Na ce daga nan ma ya isa, tambaya ɗaya ce. A cikin waɗanda ka kwantar, tsakaninka da Allah, ko ɗaya bai ƙone ba? Ya ce, "Kibiya, ni sauke kaya nake in juyo. Ban taɓa tsayawa na ga an kunna ba."

Mai Sanƙo kuma ya daɗe a ƙasa. Shi kaɗai ne ba ya cewa ya danganta.

Laraba, da hantsi, a bencin ƙofar baya

Na zo da ruwana da littafin. Maigadi ya ce ba a zama a nan. Na ce ya kira wanda zai ɗaga ni.

Motoci suna fita ɗaya bayan ɗaya, cike da kwalaye, za su ƙasashen da ban sani ba. A kowane gida akwai wanda zai tsaya a gaban kwalin nan da fulogi a hannu, da wani a kwance a ɗaki yana jira.

Ku na sama, da ku nake. Ba matar ofis ba, ba yaro mai gilashi ba. Ku da kuka ƙera tukunyar, kuka zuba mata mai, kuka buga jar kibiya, kuka tsayar da ni a rana tun ina saurayi in tsare ta. Ban taɓa tambayar ku dalili ba. Kuka ce yini da kwana, na ce yini da kwana. Na faɗa wa direbobi, na faɗa wa 'yan lodi, na faɗa wa 'yata tana durƙushe a gabana.

Kada a ce mini galibi. Kada a ce mini wani lokaci. Na'ura ɗaya ce, rana ɗaya ce. Kuna da ɗakin da kuke ƙera hunturu a tsakiyar bazara, ba za ku rasa sanin wannan ba. Ku ɗauko irinta, ku kwantar, ku tayar, ku kunna a gabana in ya kama.

In kun ce da ta ƙone, in tashi in tafi gida in yi barci, don rabona da barci tun ranar. In kuma kun ce da ba ta ƙone ba, to. Ku dai faɗa. Ni ba yaro ba ne.

Da a ce na kunna mata ranar Alhamis ɗin da aka kawo ta, da ta ƙone ko da ba ta ƙone ba?

Wani ya sauko ya dube ni ya amsa. Ina nan zaune.